Masana'antu da Gyaran Tattalin Arziki: Abin da Masana Suka Gano, da Darasin Malbaza da Tawa

Gabatarwa

Kowace shekara, da zarar an gama girbi an zuba dammunan hatsi a rumbu, samarin Bambeye da na sauran garuruwan Adar sukan kama hanyar cin rani. Wasu su nufi Abijan, wasu Legas ko Kano, wasu kuma Libiya ko Aljeriya. Idan aka tambaye su dalili, amsarsu ɗaya ce: in ruwa ya ɗauke, babu aikin yi a gida. Daga nan sai a ji dattawa a zaure suna tambaya: me ya sa ƙasarmu ba ta da masana'antu masu yawa da za su riƙe yaranmu kusa da mu?

Masana tattalin arziki a jami'o'in duniya sun shafe fiye da shekara 70 suna bincike a kan wannan tambaya. Sun ba gwamnatoci shawarwari, an bi wasu an dace, an bi wasu an sha wuya. Wannan shafi zai bayyana wa mai karatu abin da binciken ya gano, tare da misalai daga jiharmu ta Tawa, domin mu san abin da ke raya masana'anta da abin da ke kashe ta.

Ma'anar wasu kalmomi

Masana'anta: wurin da ake sarrafa ɗanyen abu da injuna a mayar da shi kaya mai daraja, kamar a mayar da auduga yadi, gyaɗa mai, ko dutse siminti. A nan Nijar mutane da yawa suna ce mata izini.

Ɗanyen kaya: abin da aka noma, ko aka kiwata, ko aka haƙo, wanda ba a riga an sarrafa shi ba. Fata ɗanyen kaya ce, takalmi kuwa sarrafaffen kaya ne.

Gyaran tattalin arziki: canza dokokin da suka shafi farashi, haraji, kwastan, darajar kuɗi da kamfanonin gwamnati.

Ƙasashe masu tasowa: ƙasashen da yawancin mutanensu ke rayuwa da noma da kiwo da ƙananan sana'o'i, kuma abin da kowa ke samu a shekara kaɗan ne. Nijar tana cikinsu.

Ƙasashe masu sauya tsari: ƙasashen da suka bi tsarin gurguzu, inda gwamnati ke mallakar gonaki da masana'antu tana kuma yanke farashi, daga baya suka koma tsarin kasuwa. Rasha, Polan, Sin da Biyetnam suna cikinsu.

Yaya masana ke yin bincike?

Mai bincike yakan tattara alƙaluma: tan nawa aka sarrafa, mutum nawa aka ɗauka aiki, nawa aka kashe, nawa aka samu. Yakan kwatanta ƙasa da ƙasa, ko ƙasa ɗaya kafin wata doka da bayanta. Yakan kuma shiga kasuwa da ƙauye ya yi hira da mutane. In ya rubuta abin da ya gano, sai sauran masana su tantance, wasu su yarda, wasu su musanta da hujja.

A Nijar, masu irin wannan aiki sun haɗa da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da hukumar ƙididdiga ta ƙasa INS, da cibiyar LASDEL wadda aka kafa a 2001, da jami'ar Tawa wadda aka buɗe a 2010, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin da ya rubuta tarihin Adar.

Zamani na farko: gwamnati ce za ta gina

A shekarar 1950, masana biyu, Raúl Prebisch ɗan ƙasar Ajantina da Hans Singer, kowa a nasa binciken, sun lura da abu ɗaya. In aka duba shekaru masu yawa, farashin ɗanyen kaya yana raguwa idan aka auna shi da farashin kayan masana'anta. Ma'ana, buhunan gyaɗar da ke sayen keke ɗaya a zamanin uba ba za su saye shi a zamanin ɗa ba. Shawarar da ta biyo baya ita ce: kowace ƙasa ta riƙa yin kayan da take sayowa daga waje, ta kuma ɗora haraji mai nauyi a kan na waje har jaririyar masana'antarta ta yi ƙwari.

A 1954, Arthur Lewis, baƙar fata daga tsibirin Sent Lusiya, wanda ya sami lambar Nobel a 1979, ya kawo wani bayani. Ya ce a ƙauyukan ƙasashe matalauta hannuwa sun fi aiki yawa. In aka kafa masana'antu suka ɗebi rarar mutanen, noma ba zai ragu ba, kuma ribar masana'anta za ta haifi wata masana'antar. A 1958 kuma Albert Hirschman ya nuna cewa masana'antar kirki ita ce mai jan wasu sana'o'i a bayanta da gabanta: masu kawo mata ɗanyen kaya, da masu aiki da abin da ta sarrafa.

Da Nijar ta sami ƴancin kai a 1960, ƴan kasuwa masu jarin gina masana'anta ba su da yawa. Saboda haka gwamnatin Diori Hamani ta ɗauki nauyin da kanta. A 1962 aka kafa SONARA domin cinikin gyaɗa, da COPRO-Niger domin shigo da kayan masarufi, da UNCC domin ƙungiyoyin manoma da ba su bashi. Akwai kuma bankin raya ƙasa BDRN. An sami masaƙa a Yamai, da injinan matse man gyaɗa a Maraɗi da Matamai da Magariya, da majema a Maraɗi. A makwabciyarmu Nijeriya ma haka aka yi: masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, aka kuma kafa kamfanin siminti a Sakkwato a 1962.

Misalai biyu daga jihar Tawa

Misali na farko shi ne simintin Malbaza. A shekarun 1960 gwamnati ta kafa kamfanin SNC a Malbaza, kusa da Birnin Ƙonni, a bakin babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi. An zaɓi wurin ne saboda duwatsun Adar suna da dutsen farar ƙasa, wanda shi ne babban abin da ake toyawa a yi siminti. Akwai kuma wani dutse mai ƙyalli da ake kira jips, wanda mutanen ƙauyuka ke tonowa da hannu suna sayar wa kamfanin. A nan maganar Hirschman ta tabbata: masu tonon dutse, direbobi, magina da masu buga bulo duk sun ci abinci ta dalilin masana'anta ɗaya. Sai dai ƙarama ce, abin da take iya yi bai wuce kusan tan 40,000 a shekara ba. Man da take ƙonawa da kayan gyaran injuna daga nesa suke zuwa, shi ya sa simintinta ya yi tsada.

Misali na biyu shi ne takin dutse na Tawa. Allah ya albarkaci yankin Tawa da dutsen fosfat, sinadarin da ƙasar nomanmu ta fi ƙaranci a kansa. Daga tsakiyar shekarun 1970 aka riƙa haƙo shi ana niƙawa a Tawa, amma kafin tsakiyar shekarun 1980 ta wuce aikin ya tsaya. Gwaje-gwajen da masana noma na INRAN da ICRISAT suka yi sun nuna cewa takin yana ƙara yabanyar hatsi. To me ya hana shi karɓuwa? Gari ne mai laushi ƙwarai, in an watsa shi iska na kwashewa. Kuma ba ya nuna ƙarfinsa duka a daminar farko, sai a hankali. Manomin da ya ci bashi ya sayi taki yana bukatar ganin amfaninsa a wannan kaka, domin a kakar ne mai bashi zai zo. Ga ɗanyen kaya, ga inji, ga shaidar masana, amma ba a lura da halin mai saye ba.

Zamani na biyu: a sayar, a buɗe kasuwa

Farin da aka yi daga 1968 zuwa 1974 ya karya noman gyaɗa, injinan mai suka rasa abin matsewa. Sai yuraniyom ya maye gurbinta: SOMAIR ta fara haƙa a Arlit a 1971, COMINAK kuma a 1978. Wajen 1980 yuraniyom ya zarce kashi 70 cikin 100 na abin da Nijar ke sayarwa waje. Gwamnati ta ci bashi da dogaro gare shi, ta yi gine-gine da hanyoyi. Daga 1980 farashinsa ya faɗi, bashi kuwa yana nan. Sai ga farin 1984, da rufe iyakar Nijeriya daga 1984 zuwa 1986, lokacin da dattawanmu ke tunawa da sunan El Buhari.

A wannan lokaci ra'ayin masana ya juya. A 1981 Bankin Duniya ya fitar da wani rahoto a kan Afirka ƙarƙashin jagorancin Elliot Berg. Rahoton ya ce gwamnatoci ne suka jawo matsalar: suna sayen amfanin gona da arha daga manomi, suna ciyar da kamfanonin da ba sa riba, suna cika su da ma'aikatan da ba a bukata. Akwai gaskiya a wannan zargi, domin kamfanonin gwamnati da dama sun zama wurin saka ƴan uwa da abokai. Maganin da aka rubuta shi ne: a rage kashe kuɗin gwamnati, a cire tallafi, a saki farashi, a buɗe iyaka ga kayan waje, a sayar da kamfanoni. A 1989 John Williamson ya tattara waɗannan shawarwari guda 10, aka riƙa kiransu matsayar Washinton.

Nijar ta sa hannu da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato FMI, a 1983, zamanin Seyni Kountché, sannan da Bankin Duniya a 1986. Wannan shi ne tsarin da ake kira PAS. An rushe SONARA da UNCC, an soke ikon COPRO-Niger, bankin BDRN ya durƙushe a 1990. An daina ɗaukar duk wanda ya gama karatu aikin gwamnati. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka yi zanga-zanga a Yamai kan matakan da suka shafi ilimi, aka harbe uku a gadar Kennedy. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake saye dala 10 ya koma dala 20. Daga 1996 aka shiga sayar da kamfanoni gadan-gadan.

Me binciken ya nuna game da sakamakon? Akwai waɗanda suka amfana. Bayan 1994 albasar Galmi da dabbobinmu sun ƙara samun kasuwa a ƙasashen bakin teku, domin sun fi na Turai arha. Amma magani, takin zamani da kayan gyaran inji sun yi tsada, farashin kaya ya hau fiye da kashi 30 cikin 100 a shekara ɗaya. Tun a 1987 masana uku na UNICEF, Giovanni Andrea Cornia, Richard Jolly da Frances Stewart, suka nuna cewa a ƙasashe da yawa nauyin gyaran ya faɗa kan yara da mata, ta hanyar raguwar kuɗin asibiti da makaranta. A 1999 masana biyu ƴan Afirka, Thandika Mkandawire na Malawi da Charles Soludo na Nijeriya, suka nuna cewa tsarin ya daidaita lissafin gwamnatoci amma bai haifi sababbin masana'antu ba, har ma ya kashe wasu da ake da su. Masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, dubban ma'aikata suka rasa aiki.

An yi zaton in gwamnati ta janye, ƴan kasuwa za su zuba jari a masana'antu. Binciken da Emmanuel Grégoire ya wallafa a 1986 a kan Alhazan Maraɗi ya taimaka wajen gane dalilin da hakan bai faru sosai ba. Fatauci, sufuri da gidaje suna mayar da kuɗi da sauri, masana'anta kuwa tana cin shekaru kafin ta biya. Sannan da darajar naira ta faɗi daga 1986, kayan Nijeriya suka cika kasuwanninmu da arhar da masana'antar Nijar ba ta iya bi. Ɗan kasuwa ya yi lissafinsa ne, ya ga inda asara take.

Darasi daga ƙasashe masu sauya tsari

Daga 1989 zuwa 1991 tsarin gurguzu ya rushe a gabashin Turai da Tarayyar Sobiyet. Masana suka rabu biyu. Wasu, irin su Jeffrey Sachs, suka ce a yi gyaran gaba ɗaya a lokaci guda. Wasu suka ce a bi sannu.

Polan ta yi nata da sauri a 1990, ta sha wuya shekara biyu, daga 1992 ta fara farfaɗowa. Rasha ta saki farashi a Janairun 1992, ta raba kamfanonin gwamnati cikin gaggawa. Tattalin arzikinta ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100 a shekarun 1990, manyan kamfanonin mai da ƙarfe suka faɗa hannun mutane ƙalilan. Bambancin da masu bincike suka fi nunawa shi ne, Polan tana da hukuma mai aiki da kotuna masu ƙarfi, Rasha kuwa ta yi rabon dukiya a lokacin da babu mai tsawatarwa. Joseph Stiglitz, wanda ya taɓa zama babban masanin tattalin arziki na Bankin Duniya, ya yi rubutu mai zafi a kan wannan kuskure.

Sin ta bi wata hanya daga 1978, zamanin Deng Xiaoping. Ta fara da noma: aka ba kowane gida gonar da zai noma, ya ba gwamnati kasonta, ya sayar da saura. Da manoma suka sami kuɗi, sai ƙananan masana'antu suka tsiro a ƙauyuka da garuruwa, suna yin bulo, tufafi, kayan noma da abinci. A tsakiyar shekarun 1990 sun ɗauki mutane fiye da miliyan 100. Biyetnam ta fara irin wannan gyara a 1986, zuwa 1989 ƙasar da ke fama da ƙarancin abinci ta koma mai sayar da shinkafa waje. Har yanzu masana suna gardama kan ko za a iya kwafar hanyar Sin a ko'ina, tunda ita ƙasar manoma ce a lokacin, Rasha kuwa ta manyan masana'antu. Amma ga ƙasa irin tamu, wadda yawancin mutanenta manoma ne, darasin a fili yake: masana'anta tana bin bayan manomin da aljihunsa ke da nauyi.

Zamani na uku: gwamnati da kasuwa tare

Koriya ta Kudu ta fito daga yaƙi a 1953 tana cikin matalautan ƙasashe. Binciken Alice Amsden na 1989 ya nuna yadda ta tashi. An raba gonaki ga manoma, an sa kusan dukkan yara makaranta. Gwamnati ta ba kamfanoni bashi mai sauƙi da kariya, amma da sharaɗi: wanda bai cika alƙawarin sayar da kaya a kasuwar duniya ba, a janye masa tallafi. A 2002 Ha-Joon Chang, ɗan Koriya, ya nuna cewa Ingila da Amurka ma sai da suka kare masana'antunsu da haraji kafin su yi ƙarfi.

Akwai misali kusa da mu. A 2002 Nijeriya ta yi dokar cewa ba za a ba ɗan kasuwa izinin shigo da siminti ba sai ya nuna yana gina masana'anta a cikin ƙasa. A shekarun 2010 ƙasar ta koma mai yin simintin da ke isarta. Sai dai masu bincike sun lura cewa kamfanoni kaɗan ne suka mamaye kasuwar, kuma mai saye bai sami arhar da ya sa rai ba. Kariya in ba a sa mata ido ba, talaka ne ke biyan kuɗinta.

A 2016 Dani Rodrik ya yi gargaɗi cewa hanyar ta ƙara wuya. Injunan yau suna bukatar mutane kaɗan, kuma kayan Asiya masu arha sun kai kowace kasuwa. A ƙasashen Afirka da dama mutane suna barin gona, amma ba masana'anta suke shiga ba, sai talla, dako da ƙananan sana'o'in birni. Wannan shi ne abin da muke gani: rarar hannuwan da Lewis ya yi magana a kansu sun bar Adar, amma tebur da baro suka samu a Abijan.

Ina aka kwana a Malbaza?

A 1998 aka sayar da kamfanin SNC ga Scancem, wani kamfanin ƙasar Norwe, wanda kuma ya shiga simintin Sakkwato a 2000. Canjin mai shi bai mayar da ƙaramar masana'anta babba ba, Nijar ta ci gaba da sayo mafi yawan simintinta daga waje. Sai tsakanin 2018 da 2019 aka kammala sabuwar masana'anta a Malbaza, ta kamfanin MCC, mai iya yin tan 650,000 a shekara, wato fiye da ninki 15 na tsohuwar. A 2018 kuma aka buɗe tashar lantarki mai aiki da hasken rana a Malbaza, mai ƙarfin megawat 7. A Oktoban 2024, bayan ambaliyar da ta rushe gidaje da yawa, gwamnati ta sassauta wa masu yin siminti haraji domin farashinsa ya sauko.

Duk da haka, abin da masana'antu ke bayarwa a tattalin arzikin Nijar bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Tashar jirgin ruwa ta Kwatano tana nesa da Yamai fiye da kilomita 1,000. Kuma da Nijeriya ta yanke mana wuta a watan Agusta na 2023, kowane mai injin niƙa da mai walda ya ga abin da dogaro ga lantarkin waje ke jawowa.

Abin da yawancin masana suka yarda da shi

1. Ko gwamnati ce ke da masana'anta ko ɗan kasuwa, ba za ta rayu ba sai da ɗanyen kaya a kusa, da wuta mai arha, da hanya, da mai saye.

2. Tallafi da kariya suna da amfani in an ɗaura musu sharaɗi da wa'adi, kuma ana bin diddigi.

3. Sayar da dukiyar jama'a cikin gaggawa, ba tare da doka mai ƙarfi da bayani a fili ba, yakan azurta mutane kaɗan.

4. Gyaran da ya rage kuɗin makaranta da asibiti yana sare reshen da ake zaune a kai, domin masana'anta tana bukatar ma'aikaci mai lafiya, wanda ya iya karatu da lissafi.

5. Bunƙasar noma da kiwo ita ce matakin farko.

6. Babu magani ɗaya da ya dace da kowace ƙasa.

Shawarwari ga ƙungiyoyinmu

Mai karatu zai ce, waɗannan al'amuran manya ne. Gaskiya ne. Amma ƙungiyar mata da ke shirin sayen injin niƙa ko na matse man gyaɗa tana fuskantar tambayoyin da gwamnati ta fuskanta a Malbaza da Tawa. Kafin ku ci bashi ku sayi inji, ku zauna ku amsa waɗannan:

- Wa zai sayi abin da za mu sarrafa, kuma nawa zai iya biya? Ku je kasuwar Tawa ku tambaya tukuna.
- Ɗanyen kayan zai samu duk shekara, ko da kaka kaɗai? Me injin zai yi a sauran watanni?
- Nawa mai ko lantarki zai ci a wata?
- In injin ya lalace, akwai makaniki da kayan gyara a kusa?
- In irin kayanmu ya shigo daga Nijeriya da arha, za mu iya tsayawa?
- Wa zai riƙe littafin shiga da fita, wa kuma zai duba shi?

Ku fara da abin da Adar ke da shi kuma aka san ta da shi: albasar da ke ruɓewa in ta yi yawa alhali ana iya busar da ita a yi gabu, nonon da ake yin cuku, naman kilishi, wake da fata. Ku riƙa ware wani abu daga riba domin gyara da sayen sabon inji. Kuɗin da ƴaƴanmu ke aikowa daga cin rani ma jari ne, in an haɗa shi da shawara.

Abu na ƙarshe ya shafi ajinmu kai tsaye. A Nijar, manyan da suka iya karatu da rubutu ba su kai 4 cikin 10 ba. Ƙungiyar da mutum ɗaya kaɗai ya iya karanta littafinta, dukiyarta tana hannun mutum ɗaya. Wanda ya iya karanta takardar bashi kafin ya dangwala yatsa, ya iya duba awo da lissafi, ya iya tambayar magajin gari yadda aka kashe kuɗin haraji, ya riga ya kama hanyar kare kansa da garinsa. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Waɗanne ɗanyun kaya ne ke fita daga garinku ba tare da an sarrafa su ba?

2. Me ya sa takin dutse na Tawa bai karɓu ba, alhali masana sun shaidi amfaninsa?

3. Ku tambayi wani dattijo abin da ya tuna game da farashin kaya a 1994. Wa ya amfana, wa ya yi asara?

4. Akwai injin da aka taɓa kawowa garinku ya daina aiki? Wace tambaya ce daga cikin shidan nan ba a amsa ba kafin a saye shi?